Kun Tambaya Mun Amsa: Gwanjon domen ɗin da ya mutu, wa ke ci kuma wa ake ci?

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili. Wannan karon saƙonnin da suka taru min kusan duk a kan abu ɗaya ne, wato domen, sunan nan da kake rubutawa a saman burauza kafin shafi ya buɗe, mai ƙarewa da .com ko .net ko .org da sauransu. Na ɗan rage tsawon wasu tambayoyin amma ban taɓa ma'anarsu ba.

TAMBAYA: Malam barka da aiki, dan Allah a taimaka min. Shekara 7 kenan ina da shafi inda nake sa wa ɗalibai darussan lissafi kyauta, duk shekara ina biyan wajen dala 15 na sunan. Bana na kwanta jinya kusan wata biyu, ashe katin da na saka a ciki ma ya daina aiki ban sani ba, da na samu sauƙi na buɗe sai na ga shafi babu shi, na bincika aka ce min wai sunan yana gwanjo har an taya shi dala 1,800. Ta yaya abin da nake biya wa dala 15 zai koma haka, kuma da izinin wa suka kai min abuna kasuwa? Daga wata malamar makaranta.

AMSA: Malama sannu, Allah ya ƙara lafiya ya sa kaffara ne. Wallahi da na karanta saƙonki raina ya ɓaci, don shekara 7 mutum yana zuba wahalarsa a wuri ba wasa ba ne. Amma bari in fara faɗa miki abin da ba a faɗa wa mutane ranar da suke yin rajista: domen ba saya kike yi ba, haya ce. Kina biyan shekara ɗaya, ko biyu, iyakarta 10 a lokaci guda, ranar da wa'adin ya cika ba ki biya ba toh an fara ƙirga kwanakin fitar da ke. Sunayen .com duka suna hannun kamfani ɗaya ne a Amurka mai suna Verisign, shi ke riƙe da babban kundin, su kuma kamfanonin da muke zuwa wajensu mu yi rajista dillalai ne, suna saro shekara ɗaya a wajen Verisign kan farashin sari, wanda a watan Satumba na 2024 aka mayar da shi dala 10.26, su ɗora ribarsu su ba mu. Hukumar ICANN mai kula da tsarin sunayen intanet, wadda aka kafa a 1998, ita ke shimfiɗa musu dokoki.

A dokar ICANN ɗin dole ne su turo miki tuni ta imel kamar wata ɗaya kafin ranar, su sake turowa saura mako ɗaya, sannan su ƙara wani cikin kwana 5 bayan ya ƙare. Na tabbata in kika duba akwatinki, musamman wajen da tarkacen saƙonni ke faɗawa, za ki gansu a jere ba a buɗe ba. Bayan ranar akwai wani rangwame na ƙarin lokaci da zai iya kaiwa kwana 45, ya danganta da kamfanin, a ciki za ki iya sabuntawa. In kamfanin ya goge sunan sai ya shiga kwana 30 na fansa, nan ma za ki iya karɓo shi amma da tara mai zafi, sau da yawa dala 80 ko sama da haka ban da kuɗin shekarar. Daga nan sai kwana 5 na jiran gogewa wanda babu mai iya taɓa shi, sai ya faɗo kasuwa kowa ya kama.

Haka tsarin yake a takarda. Amma a aikace sunan da ke da ɗan maiƙo ba ya ma kaiwa can. Manyan dillalan sun daɗe da gane cewa in suka bari ya faɗo wani ne zai ci, saboda haka tun cikin kwanakin rangwamen nan suke sa shi a gwanjonsu ko su miƙa wa abokin hulɗarsu ya yi gwanjon, wanda ya ci a juya masa kai tsaye. Izinin da kike tambaya kuwa ke kika ba su, yana cikin dogon rubutun nan na sharuɗɗa da dukkanmu muke danna "na amince" ba mu karanta ba. Abin da ya fi ci min rai shi ne a yawancin wuraren ko sisi ba za a ba ki ba daga dala 1,800 ɗin nan, alhali ke kika raini sunan har ya yi daraja, ɗalibanki ne ke shiga kullum, makarantu ne suka sa linkinki a shafukansu, abin da ake tayawa kenan. Kura da shan bugu gardi da kwashe kuɗi.

Yanzu abin yi, kuma yau nake nufi ba gobe ba. Ki shiga asusunki a wajen kamfanin ki duba ko maɓallin sabuntawa ko na fansa yana nan, in babu ki kira su a waya, kar ki tsaya jiran amsar imel. Wasu kamfanonin har gwanjo na tafiya suna barin mai suna ya biya tara ya karɓi abinsa, sai a soke gwanjon a mayar wa masu tayi kuɗinsu, wasu kuma suna rufe ƙofar da wuri, kwana ɗaya tak zai iya raba ki da shi. Ko tarar ta kai dala 100 ki biya in da hali. In kuma ƙofa ta rufe, darussanki ba su cikin domen ɗin, suna wajen masu hostin, wato kamfanin da ke ajiye miki kayan shafin, ki yi maza ki kwashe su kafin su ma su goge. Abin da ya ɓace ki leƙa Wayback Machine na Internet Archive, sau da yawa za ki samu tsofaffin shafukanki a ajiye.

Kuma kar ki zargi kanki da yawa. A Disambar 1999 Microsoft da kansa ya manta bai sabunta passport.com ba, wanda imel ɗinsu na Hotmail ke dogara da shi wajen shigar mutane, sai wani bawan Allah mai suna Michael Chaney ya biya musu dala 35 daga aljihunsa. A 2003 suka sake yin irinta da hotmail.co.uk. In kamfani mai dubban ma'aikata zai manta, ina ga mai jinya.

TAMBAYA: Yallaɓai ni abin da ke ɗaure min kai shi ne su waye ma ke tayawan nan? Na ga suna ya kwana tara a dala 30, ranar ƙarshe kawai sai ya tashi sama kamar an hura masa wuta. Daga wani ɗalibin kwamfuta.

AMSA: Ɗan'uwa ai ka ga abin da idonka. Ni ma akwai daren da na zauna na kalli irin wannan daga farko har ƙarshe, sunan kalma biyu ne mai daɗin faɗa, ina so in yi wani ɗan aiki da shi, na sa a raina ba zan wuce dala 150 ba. Kwana da kwanaki yana dala 40 babu mai kula shi. Saura minti goma sai lambobi suka fara tsalle, 60, 85, 130, kafin in gyara zama an wuce ni. Agogon da ke gefe yana sauka ja wur, da ya kusa sifili sai wani ya ƙara, sai ya koma minti 5, don haka dokar take a manyan wuraren gwanjo irin su GoDaddy, duk tayin da ya shigo a mintunan ƙarshe yana ƙara lokaci. Mutum goma sha wani abu suka koma huɗu, huɗu suka koma biyu, su biyun nan ba suna ba fuska sai lamba, suka yi ta yi fiye da awa ɗaya har aka tashi sama da dala 3,000. Bayan mako biyu na buɗe sunan in ga me aka gina a kai. Babu komai sai farin shafi da rubutu ɗaya, wai na sayarwa ne, da farashin da ya ninka abin da aka saye shi sau takwas. Na sake leƙawa bayan shekara biyu, yana nan yadda na bar shi.

Toh ka ga amsar tambayarka. Mafi yawan masu tayi a gwanjon nan ba masu buƙatar sunan ba ne, 'yan saro ne ke kokawa da 'yan saro, kowa na hasashen wata rana wani kamfani zai zo ya saya da tsada. Shi ainihin mai buƙatar, mai ƙaramar sana'a ko mai ƙungiya ko marubuci, bai ma san ana gwanjon ba, sai ranar da ya zo yin rajista ya tarar an riga shi. Suna yin shiru har ƙarshe ne kuma saboda tayi da wuri tona asiri ne, da yawansu suna tace jerin sunayen ne da yawan tayin da aka yi, duk sunan da aka ga mutum biyar a kansa sai kowa ya ce lalle akwai wani abu a nan. Ga kuma tayin wakilci, ka rubuta iyakar abin da za ka iya biya na'ura ta riƙa ƙara maka kaɗan kaɗan, in mutum biyu suka sa iyaka mai tsawo cikin daƙiƙa ɗaya farashi zai haura.

Sunayen da suka kai ga faɗowa kuwa nasu yaƙin daban ne. Verisign na sakin su kowace rana wajen ƙarfe 2 na rana agogon gabashin Amurka, kuma ba da hannu ake kamawa ba, kwamfutoci ne ke aika buƙata ba ƙaƙƙautawa. Kowane dillali mai lasisi yana da iyakar layin da zai iya buɗewa zuwa Verisign, shi ya sa masu DropCatch, wani kamfani mai kama sunayen da suka faɗo, suka je suka yi rajistar kamfanonin dillanci fiye da 1,000, kowanne kuma ICANN na karɓar dala 4,000 a kansa duk shekara. Yi lissafi, sama da dala miliyan 4 kenan a shekara kafin a kama suna ko ɗaya. Wanda ya zuba wannan kuɗin ba zai ba ka suna mai kyau a dala 15 ba, in mutum biyu ko fiye suka nuna suna so sai a haɗa su gwanjo. SnapNames da NameJet ma kusan haka suke yi, kowa da ɗan bambancin dokarsa.

Ƙarancin sunaye masu kyau ma gaskiya ne, ba zan ɓoye ba. Sunayen .com masu harafi uku 17,576 ne kacal a duniya, masu harafi huɗu 456,976, kuma duk an kama su tuntuni, jimillar .com ɗin da ke da rajista ta haura miliyan 150. Tun 2013 aka fara sakin sabbin ƙarshe fiye da dubu, su .xyz da .shop da .online, amma har yau mutane .com suke fara bugawa, shi ya sa kokawar ta fi zafi a can.

TAMBAYA: Malam na karanta cewa an sayar da wani domen dala miliyan 30. Ina da ɗan jari da na tara shekara uku, ina so in shiga harkar nan in riƙa saye a gwanjo ina ajiyewa. Me ka gani? Daga ƙaninka mai neman na kansa.

AMSA: Ƙanina Allah ya sa wa nema albarka. Labarin da ka karanta gaskiya ne, voice.com ne, MicroStrategy ya sayar wa Block.one a 2019. Akwai irinsa, business.com ya tafi a dala miliyan 7.5 tun 1999, Facebook ya sayi fb.com dala miliyan 8.5 a wajen wata ƙungiyar manoma ta Amurka, Elon Musk da bakinsa ya ce tesla.com ya ci musu dala miliyan 11. Amma ka lura da abu ɗaya, babu ko ɗaya a cikinsu da aka tsinta a gwanjon sunan da ya mutu. Yawancin masu su sun riƙe su shekara da shekaru tun intanet tana jaririya, sannan aka samu mai kuɗi da ya matsu da wannan sunan shi kaɗai. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi.

Zo mu yi lissafi irin na 'yan kasuwa, misali ne kawai nake ba ka. Ka ce ka tara suna 200, kowanne ka ci shi a gwanjo kan dala 100, jari ya tafi dala 20,000. Duk shekara sai ka sabunta su, ka ce dala 12 kowanne, 2,400 kenan ko ka sayar ko ba ka sayar ba, wannan kaya ne mai ci yana kwance. Su kansu tsofaffin 'yan harkar abin da suke faɗa shi ne a shekara ɗaya ko biyu cikin ɗari ne ke fita, kuma wannan ga wanda ya iya zaɓe kenan. Toh a ce ka sayar da uku, kowanne dala 2,000, ka samu 6,000, kasuwar da ta haɗa ka da mai saye irin su Afternic ko Sedo ta cire la'adarta da kan kai kashi 15 ko fiye, saura 5,100, cire 2,400 na sabuntawa, saura 2,700. Shekara nawa kenan kafin 20,000 ɗinka ta dawo? Fiye da bakwai, in kowace shekara ta yi kyau. In shekara ta zo ba ka sayar da ko ɗaya ba fa, wanda yana faruwa sosai, daga ina kuɗin sabuntawa zai fito? Nan ne mutum ke fara sakin sunayen ɗaya bayan ɗaya, su koma gwanjon da ya sayo su, wani sabon shiga ya sake taya su, kamfanin gwanjo ya sake cin kuɗi a kan suna ɗaya karo na biyu. Duk wanda ya yi asara a harkar nan, mai rumfar gwanjo da mai kundi ba sa yi.

Sannan akwai yayi, shi ne ya fi halaka masu ƙaramin jari. A 2015 masu saye daga China suka afka wa gajerun sunaye, lambobi da haruffa, har aka ware wani aji na .com mai harafi huɗu wanda babu a, e, i, o, u, v a ciki, don irin su ne suka dace da farkon kalmomin Sinanci in an rubuta da boko. Lamba 8 tana tsada saboda suna ɗaukarta ta sa'a, 4 kuma ana gudunta. Haruffan da ba su da wata ma'ana suka riƙa ninkawa cikin watanni, kowa na saye don gobe zai fi yau, da aka shiga 2016 farashin ya zube, waɗanda suka shigo a ƙarshe suka rungume kaya. Bayan nan aka yi yayin duk sunan da ke da crypto ko NFT ko meta a jikinsa. Yanzu na .ai ake yi, wanda asalinsa na wani ɗan tsibiri ne a Karibiyan mai suna Anguilla, a 2023 kaɗai gwamnatinsu ta samu wajen dala miliyan 32 daga rajistarsa. Ka ga wanda ya tabbata ya ci a nan, mai karɓar kuɗin rajista ne.

Ni dai ba zan ce maka haramun ne ko babu mai samu ba, akwai masu ci da iyalinsu da ita, amma mutane ne da suka shekara goma suna kallon kasuwa, sun san abin da kamfanoni ke saye, suna da jarin da za su jira. Jarin shekara uku kuwa ban yarda ka kai shi can ba. In zuciyarka ta nace, ware abin da in ya ƙone ba za ka kasa barci ba, ka sayi suna biyar zuwa goma, ka rubuta iyakarka a takarda kafin gwanjo ya fara ka ajiye a gabanka, in an wuce ta ka rufe kwamfutar ka tashi. Kuma kar ka yarda da na'urorin nan masu ƙiyasta daraja da za su ce maka sunan dala 20 ya kai 4,000, kallon kitse ake sa ka yi wa rogo, wasu ma na masu gwanjon ne da kansu. Kafin ka taya kowane suna ka tambayi kanka, wane ne takamaimai zai saye shi a hannuna, in ba ka iya lissafo kamfani biyar na gaske ba ka bar shi.

TAMBAYA: Wai da gaske ne akwai masu tayin ƙarya don su ɗaga farashi? Daga wata mai karatu.

AMSA: 'Yar'uwa da gaske ne, kuma an taɓa kamawa dumu-dumu. A Nuwambar 2009 SnapNames ya fito ya amsa cewa wani babban ma'aikacinsa ya shafe shekaru tun 2005 yana tayi a gwanjonsu da sunan ɓoye "halvarez", abin ya shafi kusan kashi 5 cikin ɗari na gwanjon da aka yi a lokacin, har kamfanin ya yi tayin mayar wa mutane rarar da suka biya. Ki duba fa, mutumin da ke ciki, ana zargin yana iya sanin abin da na waje ba su sani ba, yana tura su suna ƙara kuɗi. Wannan shi ne najashi da malamai ke hani a kai, ka taya kaya ba don ka saya ba sai don wani ya afka.

Ba ina cewa duk gwanjo haka yake ba, amma tsarin ne ya ba da ƙofa, ba ki ganin wanda kike kokawa da shi, mai rumfar kuma shi ke amfana in farashi ya hau. Akwai ma wata dabarar, mutum ya buɗe asusu biyu, ɗaya ya yi tayi mai ƙasa, ɗaya ya harba sama ya kori kowa, in an tashi sai na saman ya ƙi biya da fatan a miƙa wa na ƙasan. Maganinki ɗaya ne, iyakar da kika sa wa kanki tun kafin a fara.

TAMBAYA: Wani ya ce min in sayi tsohon domen mai linki da yawa in ɗora shafina a kai, wai Google zai ɗaga ni sama da wuri. Daga mai sabon shafi.

AMSA: Da can ana yi kuma yana ɗan aiki, shi ya sa ma sunan tsohuwar jarida ko makaranta ko ƙungiyar agaji ke tsada a gwanjo, masu shafukan caca da magungunan bogi ne ke rububinsu don su hau kan mutuncin da wani ya gina. A watan Maris na 2024 Google ya fito ƙarara ya sa wannan cikin abubuwan da yake hukuntawa, wato sayen domen da ya mutu a cika shi da tarkace don a yaudari injin bincike. In aikinka na gaske ne kuma ya yi daidai da abin da sunan yake a da, babu laifi, amma ka fara duba tarihinsa a Wayback Machine, don wani sunan an riga an ɓata shi, ka saya da tsada ka gaji baƙin jininsa.

Wannan tambayar ta tuna min wani abu da ya kamata Malama ta farko ta ji. Wanda ya ci domen ɗinki ba shafi kaɗai ya samu ba, duk imel ɗin da aka turo wa adireshin da ke ƙarewa da sunan zai iya faɗawa hannunsa. In da wannan imel ɗin kika buɗe Facebook ko asusun banki ko wani abu, zai iya danna "na manta fasuwod" a turo masa. Ki bi su ɗaya bayan ɗaya ki canza adireshin tun kafin gwanjon ya ƙare.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, sunan kamfaninmu ne wani ya ci a gwanjo, yanzu ya turo mana wai mu kawo dala 12,000. Babu inda za mu kai ƙara? Daga wani manaja.

AMSA: Akwai, Alhaji, amma ba kowa ke cin nasara ba. Tun 1999 ICANN ta kafa wani tsarin sasanci da ake kira UDRP, duk mai .com ya amince da shi ranar da ya yi rajista, kuma wurin da aka fi kai ƙara shi ne WIPO, hukumar kare haƙƙin mallakar fasaha ta duniya da ke Janiba a Suwizalan. Kuɗin shigar da ƙara a gaban alƙali ɗaya dala 1,500 ne ban da na lauya, ana gamawa cikin kamar wata biyu, ba sai kun je ko'ina ba, a rubuce ake komai. Sai dai dole ku tabbatar da abu uku gaba ɗaya, cewa sunan daidai yake ko ya yi kama da tambarin kasuwancinku, cewa shi mutumin ba shi da wani haƙƙi ko dalili na halal a kansa, da kuma cewa da mugun nufi ya yi rajistarsa yake kuma amfani da shi. In ɗaya ya faɗi duka sun faɗi. Abin da za ku samu in kun ci shi ne a juya muku sunan, babu diyya. A Amurka akwai wata doka ta daban, ita ma ta 1999, da ke ba kotu damar cin tarar mai irin wannan hali daga dala 1,000 har 100,000 kan kowane suna, amma wannan shari'a ce ta kotu mai cin kuɗi da lokaci.

Ba ka faɗa min irin sunan ba, kuma a nan maganar take. In suna ne da kuka ƙirƙira, babu mai amfani da shi sai ku, kuna da rajistar tambari, ga kuma saƙonsa a rubuce shi ya fara nemanku da farashi, toh hujjarku tana da ƙarfi, ku adana saƙon nan da kyau kar ku goge, kar kuma ku mayar masa da tayi kafin ku ga lauyan da ya san harkar. In kuwa kalma ce gama-gari da kowa ke faɗa, irin haske ko nasara ko makamancinsu a kowane yare, zai ce shi kalma ya saya ba ku ba, kuma sau da yawa alƙalan suna ba irinsu gaskiya, har su kan rubuta a hukunci cewa mai ƙara ne ya so ƙwace da ƙarfi.

In lauya ya ce muku hujjar ba ta kai ba sai ciniki. Dala 12,000 farashin buɗe baki ne, shi ma ya san ku kaɗai ne kasuwarsa kuma duk shekara yana biyan kuɗin riƙo. Ku sa dillali ya yi magana a madadinku, kar ku nuna kun matsu, ku fara daga ƙasa sosai ku ba shi lokaci. In an daidaita kar ku tura masa kuɗi kai tsaye ko da ya rantse, ku bi ta wajen masu riƙon amana irin Escrow.com, su riƙe kuɗin sai sunan ya shigo asusunku sannan su sakar masa. Ranar da ya shigo ku biya shekara 10 gaba ɗaya, ku kunna sabuntawa ta atomatik, imel ɗin da za ku sa a rajistar kuma ya zama wanda mutum biyu ko uku a ofis ke dubawa, ba na ma'aikaci ɗaya da zai iya barin aiki gobe ba, kuma kar ya zama imel ɗin da ke kan shi wannan domen ɗin.